Yadda Ake Aro Fasahar Ginin Iran a Gidan Zamani a Katsina

Duk wanda ya taɓa yin azahar ɗin watan Afrilu a cikin sabon gidan bulo da kwano a Katsina, a ranar da babu wuta kuma babu man janareta, ya san cewa akwai abin da muka yar a hanya lokacin da muka bar ginin ƙasa. Ɗakin da aka kashe wa maƙudan kuɗi, aka yi masa silin mai hawa-hawa da manyan tagogin gilashi, shi ne wanda maigida zai gudu ya bari, ya ɗauki tabarma ya nufi gindin bedi, alhali tsohon soron kakansa da ke cikin gari yana nan da sanyinsa kamar randa. Wannan ne ya sa masu sha'awar gini suke waiwayar ƙasashen da suka daɗe suna fama da zafi irin namu, kuma Iran tana cikin na gaba-gaba. Biranen Yazd da Kashan suna bakin hamada, zafinsu yakan wuce digiri 40, amma mutanensu sun shafe ɗaruruwan shekaru suna gina gidajen da ake zama a ciki cikin daɗi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Yazd cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ginin ƙasarsa da dabarun ruwansa na cikin dalilan hakan.

Sai dai yawancin masu son wannan salo daga jela suke kama shi. Mutum ya ga hoton shuɗin tayil na masallatan Isfahan, ko gilashin nan mai launi-launi na Shiraz, sai ya kira mai tayil ya ce a yi masa irinsa a falo, a ƙarshe a tashi da gida mai zafin da aka saba da shi, an dai ƙara masa kwalliya. Masanin gine-ginen Iran Muhammad Karim Pirniya, wanda ya rasu a 1997, ya taƙaita ginshiƙan fasahar ginin Iran a abubuwa biyar: a yi gini daidai da jikin mutum da buƙatarsa, a guji abin da ba shi da amfani, a tabbatar da ƙarfin gini, a dogara da kayan da ke kusa, sannan gida ya juya fuskarsa ciki. Tayil bai fito a cikin biyar ɗin nan ba. Saboda haka mai gini zai fara ne daga tsarin gida a kan takarda, ya bi da inuwa da ruwa da iska, ado ya zo a ƙarshe da abin da ya rage a aljihu.

Akwai kuma abin da dole a riƙe a zuci tun daga farko. Ruwan saman da ke sauka a Yazd a shekara bai fi kimanin milimita 60 ba, namu kuwa ya ninka hakan wajen sau goma, kuma yana zuba ne cikin 'yan watanni, sau da yawa da iska mai ƙarfi daga gabas. Muna da ƙurar hunturu, muna kuma da sauro. Duk abin da za a aro daga can sai an auna shi da waɗannan ukun.

A fara da tsakar gida

Ginin da aka saba yi yanzu shi ne a dasa gida a tsakiyar fili, a zagaye shi da katanga, a shimfiɗe abin da ya rage da siminti, kowace taga tana kallon katanga ko makwabci, shi ya sa labule ba ya ɗaguwa. Gidan Iran akasin haka yake: ɗakuna suna bin gefen fili, sararin kuwa yana tsakiya, wanda suke kira hayat, kuma ƙofofi da tagogin ɗakuna duk cikinsa suke buɗewa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, domin tsakar gida ce da muka tashi a ciki, aka zo aka raina ta.

A filin nan da aka fi yankawa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wato kimanin mita 15 da mita 30, za a iya fitar da tsakar gida mai faɗin mita 5 da tsawon mita 7 ko 8. Idan fili ya yi ƙunci, ɗakuna su kama ɓangare uku ko biyu, doguwar katanga ta rufe sauran. Kafin mai zane ya zauna, a tuntuɓi hukumar tsara birane a ji tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi da kuma iyakar makwabci, domin gyaran zane ya fi rusau sauƙi. Ya fi kyau tsawon tsakar gidan ya bi kudu da arewa, saboda bangon gabas ya ba ta inuwa da safe, na yamma ya ba ta da la'asar, rana ta same ta na ɗan lokaci kawai da tsaka. Kada kuma a faɗaɗa ta don burgewa, domin idan faɗinta ya wuce ninki biyu na tsayin bangon da ke kewaye da ita, ta tashi daga rijiyar inuwa ta koma filin shanya. A jera ɗakin ajiya da banɗaki da matakala a gefen yamma na gida, su tare wa ɗakunan kwana zafin la'asar.

Ƙasan tsakar gida ya kasance ƙasa da ɗakuna da taki biyu, amma sama da titi, a yi masa gangare zuwa magudana biyu masu faɗi, domin idan ganye ya toshe ɗaya a daren ruwan Agusta, ɗayar ta ceci gida. A Kashan da Yazd akan haƙa tsakar gida ta nutse hawa guda cikin ƙasa don neman sanyi da kusantar ruwa; wannan kam a bar musu, domin a nan kududdufi za a gina. Shimfiɗa kuwa a yi ta da jan bulo ko dutse, a bar wani yanki ƙasa zalla. Tayil mai sheƙi yana mayar da zafi cikin ɗakuna, kuma yana da santsi da damina.

Zaure ya dawo

Manyan gidajen Kashan, irin gidan Burujardi da aka fara ginawa a 1857, sun kasu biyu: biruni, inda maigida ke karɓar baƙi, da andaruni, inda iyali ke zaune. Wanda ya shigo daga titi yana fara faɗawa wani ɗan ɗaki mai kusurwa takwas da ake kira hashti, mai rufin ƙubba da wuraren zama a jikin bango, daga nan wani siririn lungu mai lanƙwasa ya kai shi ciki, ta yadda idon mai wucewa ba zai taɓa kaiwa tsakar gida ba. Ko ba a faɗa ba, mai karatu ya gane zaure da shigifa. Har dakali suna da shi a gefe biyu na ƙofa, inda tsofaffi ke hutawa. Abin da suka fi mu shi ne makwankwasa biyu a jikin ƙyaure, ɗaya doguwa mai amo da kauri ta maza, ɗaya zobe mai siririn sauti ta mata, don na ciki su san wanda ya dace ya je ya buɗe.

A gidan zamani, a raba ƙofar mota da ƙofar mutane. Ƙofar mutane ta shiga zaure mai mita 3 da mita 3, mai ƙofofi biyu a ciki, ɗaya zuwa falon baƙi da banɗakinsa, ɗaya zuwa cikin gida, kuma kada ko ɗaya ta yi saiti da ƙofar waje. Kusurwa takwas tana da kyau idan an samu kafinta da magini masu haƙuri, amma zaure mai kusurwa huɗu da rufin ɗaurin guga ya biya buƙata, kuma ya fi zama a idon mutumin Katsina. Wanda yake son al'adar makwankwasa biyu zai iya sa maƙeri ya ƙera masa, ko ya sa ƙararrawa mai sauti biyu.

Aiwan da inda zai fuskanta

Aiwan ɗaki ne mai bango uku da dogon rufi, ɓangare na huɗu a buɗe yake gaba ɗaya yana kallon tsakar gida. Sunan ba baƙo ba ne ga wanda ya saurari tarihin haihuwar Manzon Allah (SAW), inda ake ambaton Aiwanin Kisra. Kufan wannan fada ta sarakunan Farisa yana nan har yau kusa da Bagadaza a ƙasar Iraƙi. Babban masallacin Juma'a na Isfahan yana da aiwan huɗu, ɗaya a kowane gefe na farfajiyarsa. A gida kuwa aiwan shi ne wurin hira da cin abinci da kishingiɗar rana, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da za a aro daga Iran, domin yana ba iyali wurin da ba ɗaki ba kuma ba waje ba, wanda baranda mai faɗin mita ɗaya ba ta iya bayarwa.

A nan ne kwafi ido rufe ke jawo asara. Yazd tana wajen digiri 32 arewa da tsakiyar duniya, rana kullum ta kudu take bi musu, shi ya sa suke ajiye sashen zaman lokacin zafi a kudancin tsakar gida yana kallon arewa, sashen sanyi kuma a arewaci yana kallon kudu. Katsina tana wajen digiri 13. A watannin bazara rana kusan a saman ka take, kuma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ma tana ɗan karkata ne ta arewa. Ga shi kuma iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas suke zuwa. Don haka aiwan ɗinmu ya zauna a arewacin tsakar gida ya kalli kudu. Ta haka zai ba hunturu baya, ya samu hantsi a watan Disamba da Janairu lokacin da ake neman sa, ya kasance cikin inuwa da bazara, ya kuma karɓi iskar kudu maso yamma idan damina ta kusa. Aiwan mai kallon yamma tanda ce, mai kallon gabas kuma zai sha feshin ruwan sama.

Faɗin mita 4 zuwa 5, zurfin mita 3 zuwa 4, da tsayin da ya ɗara na sauran ɗakuna ya kai kamar mita 4, sun isa gida matsakaici. Bakin aiwan na Iran baka ne mai ɗan tsini a sama. Ana iya zuba shi da kankare idan kafinta ya yi fanel mai kyau, ana kuma iya jera shi da jan bulo. Kafin a zuba, a sa a zana bakan a ƙasa da igiya da ƙusa daidai girmansa, maigida ya tsaya ya gani, domin baka idan ya karkace ba ya ɓoyuwa. Wanda ya samu tsohon maginin da ya iya bakan gizo da azara, ya riƙe shi hannu bibbiyu, don irinsu suna ƙaranci.

Ruwa da itatuwa

A gaban aiwan ake yin hauz, wato ɗan tafkin da ke tsakiyar gida. Ruwan yana sanyaya busasshiyar iska kamar yadda raɓar jikin tulu ke sanyaya abin da ke cikinsa, kuma yana nuna hoton gini. Fadar Cehel Sotun ta Isfahan, wadda sunanta ke nufin ginshiƙai arba'in, ginshiƙai 20 ne da ita, ruwan gabanta ne ke cika sauran. Iraniyawa sun samu ruwan yin haka ne ta hanyar ƙanat, ramukan ƙarƙashin ƙasa masu jawo ruwa daga gindin duwatsu zuwa gari. Mu rijiyar burtsatse da tanki da 'yan garuwa muke da su, don haka a yi lissafi tukuna. Hauz mai mita 1.5 da mita 2.5 da zurfin santimita 30 yana cin lita 1,125, wato jarka 45 mai lita 25. Idan santimita ɗaya ya ƙafe a yini da bazara, an rasa kusan jarka ɗaya da rabi. Wannan gida zai iya ɗauka. Abin da ya fi haka girma nauyi ne.

Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba a lokacin zafi. A sa ƙaramin famfo mai aiki da sola ya riƙa motsa ruwan, a zuba 'yan kifaye masu cin tsutsa, a kuma yi mafita a ƙasa wadda za ta kai tsohon ruwa gindin shuke-shuke. Da damina, lokacin da iska ke da laima, ruwan ba ya ƙara sanyin kirki, gara a zubar da shi a bar hauz a bushe har Oktoba ta wuce. Gidan da ke da yara masu rarrafe ko masu koyon tafiya kuwa, santimita 30 ma haɗari ce; a shimfiɗa ragar ƙarfe mai ƙarfi dab da saman ruwan, ko a haƙura da tafki a yi tasa mai faɗi a kan ginshiƙi wadda ruwa ke malala daga ita ya ɓace cikin tsakuwa.

Lambun Farisa, wanda suke kira cahar bag, fili ne da hanyoyin ruwa suka raba gida huɗu, kuma kalmar firdausi kanta daga tsohuwar kalmarsu ta lambu mai katanga ta samo asali. A tsakar gida ƙarama, fangali biyu ko huɗu a gefen hauz sun wadatar. Rumman da lemun tsami da gwaiba da lalle suna yi a ƙasarmu, ana kuma iya ɗora inabi a kan rumfa, a cike gurabe da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Bedi da mangwaro a bar su a waje, domin saiwarsu tana fasa gini.

Hasumiyar iska

Badgir, wato makama iska, ita ce alamar da aka fi sanin Yazd da ita. Hasumiya ce da ke tashi saman rufi, da dogayen ƙofofi a samanta, cikinta kuma an raba shi da siraran bangaye. Iska tana shiga ta gefen da take bugawa ta gangara cikin ɗaki, ɗaya gefen kuma yana zuƙo iskar ɗaki mai zafi ya fitar. Idan iska ta tsaya cik, rana tana ɗumama jikin hasumiyar, iskar cikinta ta tashi sama, ta jawo mai sanyi daga tsakar gida ta maye gurbinta. Ta lambun Daulatabad da ke Yazd ta kai kimanin mita 33, tana da kusurwa takwas, amma ba duka ke da wannan siffa ba: a garin Ardakan da ke lardin Yazd mai fuska ɗaya suke yi, ta juya wa iskar hamada mai ƙura baya. Wannan ta biyun ita ta fi kusa da halinmu.

Ga gida mai hawa ɗaya, hasumiya mai mita 1 da mita 1.5 a ciki, wadda ta ɗara ƙololuwar rufi da mita 2.5 zuwa 3, ta isa falo ɗaya ko aiwan. A raba cikinta biyu daga sama har zuwa silin. Babbar ƙofa ta kalli kudu ko kudu maso yamma, ta bayanta kuma a yi mata marufin da za a kulle daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A bakin ƙofofin a jera fale-falen ƙarfe ko kankare masu gangarowa waje don korar ruwan sama, a bi su da rodi saboda ɓarayi, sannan raga saboda sauro da jemagu da tantabaru. A gindin hasumiyar, inda take buɗewa cikin ɗaki, a sa ƙyauren da za a iya buɗewa da rufewa daga ƙasa, da faranti mai bututu wanda zai tare ɗigon da ya kuɓuce. Iskar da ta shigo tana buƙatar mafita, don haka a tabbata akwai taga ko ƙofa a ɗaya gefen ɗakin. Kuma tunda hasumiya nauyi ce a kan rufi, dole injiniya ya sa ta cikin lissafinsa ta zauna a kan fila, kada a ɗora ta a kan dakin, wato rufin kankare, bayan an gama.

Gaskiyar da masu tallar wannan dabara ba su cika faɗa ba ita ce, badgir iskar da ta samu a waje take kawowa. Idan ana digiri 41 a waje da azahar, abin da za ta zubo ke nan, sai fa idan iskar ta bi ta kan ruwa. Saboda haka da bazara a buɗe ta daga bayan isha'i har hantsi, iskar dare ta wanke zafin da bango ya tara, da rana kuma a rufe gefen shigowa a bar na fita. Wanda yake son sanyin rana sai ya jera tuluna masu raɓa a gindinta, ko ya rataya jiƙaƙƙen buhun algarara. Ba za ta kai sanyin na'ura ba, amma za ta rage sa'o'in da ake kunna na'urar, kuma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Bango da rufi

Sanyin gidan Yazd rabinsa daga kaurin bango yake. Da tubalin ƙasa suke gini, su shafe shi da kahgel, wato laka da aka kwaɓa da ciyawa, wanda ba shi da maraba da yaɓen da muka sani. Inda ruwa ke taɓawa suna amfani da saruj, haɗin da ya ƙunshi farar ƙasa ƙonanniya da toka, kamar yadda maginanmu suke da laso da makuba. Hasumiyar Gobarau shaida ce cewa ƙasar Katsina tana tsayawa ɗaruruwan shekaru idan ana kula da ita. Raunin ginin ƙasa a Iran girgizar ƙasa ce, kamar wadda ta rusa birnin Bam a Disambar 2003. A nan kuwa ruwa ne da gara.

Hanya mafi aminci ita ce a tsayar da ƙashin gida da fila da bim na kankare, a ɗaga tushe ya haura ƙasa da aƙalla rabin mita da dutse ko bulon siminti cikakke, a shimfiɗa abin hana danshi, sannan a cike tsakanin filolin da bulon jar ƙasa da aka matse da inji aka sa masa ɗan siminti, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Wanda ya fi natsuwa da bulon siminti mai inci 9 sai ya ninka bangon yamma, ya bar rata tsakanin biyun. Abu ɗaya da za a kiyaye: filastar siminti a kan tubalin ƙasa zalla ba ta daɗewa, tana ɓamɓarewa bayan ta ɓoye danshi a bayanta.

Rufin dakin shimfiɗaɗɗe yana dawo da kwanan saman soro, wanda mutanen Iran ma suke yi da zafi. A yi masa gangare, a sa abin hana yoyo, a shafa masa farin fenti, indararo su zarce bango sosai kuma su kauce wa gidan makwabci. Katangar saman ta kai tsayin mutum don kare mutuncin gida da na makwabta, kuma a can za a ɓoye tanki da farantan sola. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da suke kira sardab yana da sanyi ƙwarai, amma sai a kan tudu, bayan an gwada ƙasa, kuma nesa da sokawe; ga yawancin filaye wahalarsa ta fi amfaninsa.

Tagogi da ado

Tagar orsi katako ce da aka sassaƙa raga-raga aka cike ramukan da ƙananan gilasai masu launi, kuma sama ake ɗaga ta. Masallacin Nasirul Mulk na Shiraz, wanda aka gina tsakanin 1876 da 1888, shi ya fi shahara da irin wannan gilashi, inda hasken safiya ke zuba launuka a kan darduma. A gida, a ajiye ta a bangon da ke kallon tsakar gida, a ƙarƙashin baranda ko a cikin aiwan. Kashi ɗaya cikin uku na sama ya ɗauki gilashi mai launi, na ƙasa ya zama mai buɗewa da ragar sauro. Launi uku sun isa. Katakon maɗaci busasshe ya fi dacewa, amma mai walda da ya ƙware zai iya fitar da zanen da ƙarfe, wanda gara ba ta ci kuma ya zama kariya. Babban ɗakin baƙi a Iran yakan zo da ƙofofi biyar a jere, shi ya sa ake ce masa panjdari. Falo mai dogayen ƙofofi uku masu buɗewa cikin tsakar gida zai ba da irin wannan yanayi.

Adon da ya fi araha kuma ya fi daɗewa shi ne jerin bulo. Hasumiyar Gonbad Ƙabus, wadda aka gina da jan bulo a shekarar 1006, tana tsaye har yau. A saman katanga da bangon matakala, a jera bulo ana barin ramuka a tsakani cikin tsari, iska ta ratsa, ido bai ratsa ba. Tayil kuwa kamar gishiri yake a miya. Shuɗi mai duhu da shuɗi mai ratsin kore da fari su ne launukan Isfahan tun bayan da sarkin Iran Shah Abbas ya mayar da ita babban birni a 1598, kuma wuri uku ya ishe su a gida: cikin hauz, ɗamarar da ta bi bakin aiwan, da bayan alkuki. Alkukin ma suna da shi, suna ce masa takce, a nan ake ajiye Alƙur'ani da fitila da turare. Sai a bar gurbinsa tun ana gini, domin fasa bango daga baya yana raunana shi.

Sassaƙar farin filasta da Iraniyawa suka shahara da ita, da irin hodar da masu fi-o-fi ɗinmu ke kwaɓawa ake yin ta. Maimakon silin mai hawa uku da fitilu kala-kala, a ba su zanen taurari masu kusurwa takwas ko goma da aka buga a takarda daidai girmansa, su fitar da shi a bango ɗaya ko a rufin zaure, kuma dagi yana zama daram a tsakiyar irin wannan zane. Muƙarnas, adon nan mai kama da saƙar zuma, ya yi kyau a masallaci, amma a gidan Katsina matattarar ƙura da yanar gizo ne. Aikin madubi ma haka. Idan za a yi rubutun ayoyi, a ɗaga shi sama da kai, a nisanta shi da magudana da bangon banɗaki, kuma a kai wa malami ya duba kafin a gasa tayil ko a sassaƙa, domin kuskuren harafi a bango ba ya gogewa da yatsa.

Ga wanda ya riga ya gina

Gidan da ke tsaye ma yana karɓar wasu daga cikin waɗannan. Filin bayan gida da aka shafe da siminti ana iya fasa wani yankinsa a dasa itatuwa, a ɗaga katanga da bulo mai ramuka, a faɗaɗa baranda ta zama aiwan. Gidan sama kuma yana da rabin badgir a shirye, domin ramin matakala idan aka ɗaga kansa aka buɗe masa ƙofofi masu raga, zai riƙa zuƙe zafin gida duka. Kafin a taɓa kowane bango ko rufi, injiniya ya gani.

Da yake yawancin maginanmu ba su taɓa yin waɗannan ayyuka ba, hoto a waya ba ya isar su. A sa mai zane ya ba da awo a rubuce, a biya kuɗin gwaji: mita ɗaya na jerin bulo, taga ɗaya, yanki ɗaya na sassaƙa, maigida ya amince sannan a ci gaba. Aikin ƙasa da yaɓe a yi shi da rani ya bushe sarai. A gwada badgir a watan Afrilu da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a ɗakin da take, ɗaya a ɗakin da babu ita, a rubuta abin da suka nuna da asuba da azahar har mako guda, don a san lokutan buɗewa da rufewa da suka dace da wannan gida. Sannan kafin hadarin farko ya haɗo, a hau rufi da bokiti a kwarara ruwa, a ga ko kowane indararo da magudanun tsakar gida suna ja yadda ya kamata.